RIGAR SUKARI DA SANKARAR HANYAR FITSARI

Akwai wata magana da muka sha ji a garuruwan bakin ruwa, tun daga gonakin shinkafa na kogin Isa har zuwa fadamun Ƙwanni da tabkunan ƙasar Damagaram. Magidanci ya ga jini cikin fitsarinsa, sai ya ce: “Ai tsargiya ce, tun ina yaro nake yin ta.” Ya gyara wandonsa, ya ɗauki hauyarsa, ya koma gona. Bai gaya wa iyali ba, bai je likita ba. Wani lokaci gaskiyarsa ce. Wani lokaci kuwa abin da ke zubar da jinin ya wuce tsargiya, sankara ce ta kama mafitsara.

A wannan fitowa za mu yi bayani a kan wani ilimi da masana ke ta bincike a kansa game da sankarar mafitsara, da ta furostat, da ta ƙoda, da ta maraina. Ilimin ya shafi sukari. Maganar tana da ɗan nauyi, saboda haka a karanta a hankali. Wanda ya riga ya gane, ya sake karanta wa na kusa da shi.

Wane sukari ake nufi?

Da farko mu kawar da ruɗani. Sukarin da muke nufi daban yake da wanda ake zubawa a shayi ko a koko, kuma maganar ba ta shafi ciwon sukari ba. Jiki ne da kansa yake ƙera wannan sukari, ko mutum yana shan zaƙi ko ba ya sha. Duk wanda ya ce maku barin sukarin shayi yana warkar da sankara, to ya faɗi abin da bai sani ba.

Jikin ɗan Adam an gina shi da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, kamar yadda ake gina ɗaki da tubali. Ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Kowace ƙwaya tana ƙera wasu sinadarai da ake kira furotin. Mun san furotin a matsayin abinci mai gina jiki, wanda ake samu a nama da wake da ƙwai da madara. To jiki yana narkar da wanda muka ci, ya sake ƙera nasa iri dubbai, kowane da aikinsa.

Idan ƙwaya ta gama ƙera furotin, sau da yawa ba ta sakinsa haka nan tsirara. Sai ta rataya masa ƴan sarƙoƙi na sukari, wasu gajeru, wasu dogaye masu rassa kamar itace. Ire-iren sukarin da jiki ke jerawa cikin waɗannan sarƙoƙi ba su da yawa, kamar iri goma ne, amma ana jera su ta hanyoyi masu ɗimbin yawa. Masana na ƙiyasta cewa wajen rabin furotin ɗin jikinmu yana ɗauke da irin wannan ado. Saboda haka bayan kowace ƙwaya lulluɓe yake da sukari. Wannan lulluɓi muke kira rigar sukari.

Mene ne amfanin rigar? Ku dubi makiyayi a bakin rijiya. Dabbobi sun cakuɗe, amma yana ware nasa da shaidar da ke kunnensu ko cinyarsu. Haka jiki yake gane ƙwayoyinsa. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, suna zagayawa suna duba rigar kowace ƙwaya. Wadda shaidarta ta yi daidai su wuce ta, baƙuwa kuwa su far mata.

Akwai misalin da yawancinmu muka sani. Idan mace ta zubar da jini wajen haihuwa, kafin a ƙara mata wani sai an duba rukunin jininta: A ne, ko B, ko AB, ko O. Wani lokotoro ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Karl Landsteiner ya gano rukunan A da B da O a shekarar 1901, daga baya kuma aka gane abin da ya bambanta su. Bambancin A da B ƙwayar sukari ɗaya ce tak a ƙarshen sarƙa. Mai rukunin O ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. A kan wannan ɗan bambanci, idan aka ƙara wa mutum jinin da bai dace da nasa ba, yana iya rasa ransa. Kun ga ashe rigar ba abin wasa ba ce.

Kura da fatar akuya

Sankara, wadda wasu ke kira ciwon daji ko kansa, tana farawa ne idan wata ƙwaya ta jiki ta lalace, ta shiga hayayyafa ba tsayawa. Abin da masana suka lura da shi shi ne, ƙwayar da ta lalace tana canza rigarta. Tun shekarun 1970 aka ga cewa bangon mafitsara mai lafiya yana ɗauke da shaidar rukunin jinin mai shi, amma ƙwayoyin sankarar mafitsara sukan zubar da wannan shaida, musamman waɗanda ke shirin nutsawa cikin naman mafitsarar.

Ga yadda canjin yake faruwa. A ƙwaya mai lafiya ana saƙa sarƙar sukari har ta yi tsawo, sannan a rufe bakinta da wani sukari da ake kira siyalik. Da an ɗora siyalik, saƙa ta ƙare. A ƙwayar sankara kuwa, ana ɗora shi tun da wuri, kamar mai saƙar tabarma da ya ɗaure bakin tabarmar tun ba ta kai taƙi ɗaya ba. Sai a sami ƴar guntuwar sarƙa mai sukari biyu kacal. Masana sun sa mata suna STn. A shekarar 2013 masu bincike na cibiyar sankara ta birnin Porto, a ƙasar Fotugal, sun ba da rahoton cewa sun sami wannan guntuwar sarƙa a kashi uku cikin huɗu na miyagun ƙullutun mafitsara da suka duba, alhali ba su same ta a bangon mafitsara mai lafiya ba.

Me sankara ke ƙaruwa da shi daga wannan canji? Babban abu shi ne ɓuya. Sojojin jiki suna da wasu hannuwa da ke taɓa siyalik. Idan suka taɓa shi, sai su ɗauka ɗan gida ne, su mayar da makamansu. Ƙwayar sankara ta lafta wa kanta siyalik mai yawa, sai ta wuce ta gabansu ba wanda ya tare ta. Kura ce da fatar akuya cikin garke, karnuka na kwance suna kallonta.

Abu na biyu tafiya ce. Idan mutum ya ji rauni, fararen ƙwayoyin jini suna zuwa wurin ta cikin jijiyoyi. Don su tsaya inda ake bukatarsu, suna da wata sarƙar sukari mai kama bangon jijiya, kamar yadda ƙarangiya ke kama wando. Wasu ƙwayoyin sankara suna ƙera irin wannan sarƙa. Su ɓalle daga inda suka tsiro, jini ya kwashe su, su maƙale a wani wuri mai nisa, su kafa sabon gida. Sankarar furostat takan sauka a ƙashi, shi ya sa wasu dattawa ba su san suna da ita ba sai da ciwon baya da na ƙugu ya kwantar da su. Bincike ya nuna cewa ƙullutun da ke da wannan sarƙa da yawa, a furostat ko mafitsara ko ƙoda, sun fi saurin yaɗuwa.

Sai dai duk wanda ya canza shaidar dabba ya bar alama ga mai ido. Rigar da sankara ke ɓuya cikinta, ita ce kuma ke tona asirinta ga masu bincike.

Inda tsargiya ta shigo

A ƙasashen Turai da Amurka, babban abin da ke jawo sankarar mafitsara shi ne taba sigari, wajen rabin masu ciwon ta dalilinta ne. Dafin tabar yana bi ta jini, ƙoda ta tace shi, ya taru cikin fitsari yana cin bangon mafitsara. Mu ma taba tana yi mana wannan ɓarna. Amma mu muna da ƙarin wani dalili, wato tsargiya.

Tsutsa ce ke kawo tsargiya. Wani lokotoro Bajamushe, Theodor Bilharz, ya fara ganinta a birnin Alƙahira a shekarar 1851. Mai ciwon ya yi fitsari cikin tabki ko magudanar ruwan gona, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ƴaƴan su shiga jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa. Bayan ƴan makonni su fito da yawa, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan: yaro mai wanka, mace mai wanki, masunci, mai dashen shinkafa. Tsutsar ta girma, ta zauna cikin jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara shekara da shekaru, tana saka ƙwai ɗaruruwa kowace rana. Wasu ƙwan suna fita da fitsari, su ne ke kawo ɗigon jinin da ake gani a ƙarshensa. Sauran kuwa su maƙale cikin bangon mafitsara. Jiki ya yi ta faɗa da su, wurin ya yi ta kumburi yana warkewa yana sake kumbura. Bayan shekaru masu yawa, a wajen wasu mutane, wannan tsohon miki yake rikiɗa ya zama sankara. Tun 1911 wani lokotoro mai suna Ferguson ya nuna alaƙar abubuwan biyu a Masar, kuma a shekarar 1994 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan tsutsa cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara ga ɗan Adam. Irin wannan sankara takan kama mutum da sauran ƙarfinsa, yana ɗan shekara 40 ko 50, lokacin da gida ya fi bukatarsa.

Masu binciken Porto sun duba naman mafitsarar wasu majinyata ƴan ƙasar Angola masu tsargiya, suka buga sakamakon a 2014. Sun ga canjin rigar sukari a ƙullutun sankara, sun kuma gan shi a mafitsarar wasu da ba su kai ga sankara ba tukuna. Abin mamaki, sun ga cewa ƙwan tsutsar ma yana ɗauke da sukari irin na fararen ƙwayoyin jinin mutum. Wato dabarar ɓuya ɗaya ce ga tsutsa da sankara. Fatan da ake yi shi ne wata rana a sami gwajin fitsari mai sauƙi, kamar gwajin zazzaɓin sauro da ake yi da ɗigon jini, wanda zai ware mai tsargiya kawai daga wanda mafitsararsa ta fara juyawa. A ganinmu babu waɗanda suka fi bukatar irin wannan gwaji kamar manoman rani da masunta na ƙasashenmu. Amma aikin yana matakin bincike. A yau, hanyar tabbatarwa ita ce lokotoro ya zura ɗan siririn bututu mai fitila ya leƙa cikin mafitsara, ya gutsuro ɗan nama a duba.

Furostat da gwajin PSA

Inda wannan ilimi ya fi nisa shi ne wajen furostat. Furostat wata ƴar ƙaba ce da maza kaɗai ke da ita, girmanta kamar ɗan goro. Tana ƙarƙashin mafitsara, ta kewaye hanyar fitsari kamar zobe. Idan namiji ya manyanta takan ƙara girma, ta matse hanyar. Sai fitsari ya riƙa fita da ƙyar, ko a tsinke, ko mutum ya tashi sau huɗu sau biyar cikin dare. Yawancin wannan kumburi na tsufa ne, ba sankara ba. Amma sankara ma tana kama furostat, kuma a ƙasashe da yawa na Afirka ita ce ta fi kowace sankara kama maza. An kuma tabbatar cewa baƙar fata sun fi Turawa kamuwa da ita, haka ma wanda mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi ta.

Furostat tana ƙera wani furotin da ake kira PSA, aikinsa tsinka maniyyi. Kaɗan daga cikinsa yana shiga jini. Idan furostat ta sami matsala, wanda ke cikin jinin sai ya ƙaru. A Amurka an amince da awon PSA a shekarar 1986 don bin lafiyar masu ciwon, sannan a 1994 don neman ciwon. Idan awo ya wuce 4, likitoci sukan fara zargi.

Ga inda matsalar take. Awon yana ƙirga yawan PSA ne kawai, ba ya faɗin dalilin ƙaruwarsa. Kumburin tsufa yana ɗaga shi, ƙwayoyin cuta ma suna ɗaga shi. Cikin maza huɗu da awonsu ya faɗa tsakanin 4 da 10, kamar mutum ɗaya ne ake samu da sankara. Don a gano wannan ɗayan, sai a soki furostat ɗin su huɗun da allura a ɗebo nama. Aiki ne mai zafi, mai kuɗi, yana kuma iya kawo zubar jini ko zazzaɓi. Ku tuna da dattijon da zai sayar da tunkiya ko buhun hatsi, ya yi tafiyar yini guda, a ƙarshe a ce masa kumburin tsufa ne.

To, shi PSA yana da sarƙar sukari guda ɗaya rataye a jikinsa, kuma siyalik ne a ƙarshenta. Ana iya ɗaura siyalik ɗin ta wurare biyu, kamar yadda ake iya ɗaure akuya a wuya ko a ƙafa. Masana suna kiran ɗauri ɗaya 2,6 ɗayan kuma 2,3. PSA na mai lafiya yawanci ɗaurin 2,6 gare shi. Idan sankara ce ta ƙera shi, ɗaurin 2,3 sai ya yawaita. Masu bincike na jami’ar Hirosaki, a ƙasar Japan, sun yi shekaru a kan wannan bambanci, har aka fitar da gwajin jini da ke duba irin ɗaurin, ba yawan PSA kaɗai ba. A shekarar 2024 inshorar lafiya ta Japan ta fara biyan kuɗinsa ga mazan da awonsu ke tsakanin 4 da 10. Manufar ita ce a rage sukan allura ga waɗanda ba su bukata.

Maraina da ƙoda

Sankarar maraina ta fi kama samari da matasan magidanta. Alamarta ƙullutu mai tauri a ɗaya daga cikin ƴaƴan maraina, sau da yawa ba zafi. Furotin biyu da ake awo cikin jini don bin sawunta, dukansu masu rigar sukari ne. Ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ake nema cikin fitsarin mace don a san ko tana da ciki. Tana cikin ire-iren sankarar da suka fi jin magani idan an zo da wuri. Ita kuwa ta ƙoda, ba ta da gwajin jini nata na yau da kullum, da hoton eko ko sikana ake gano ta.

Ana kuma neman magani ta wannan hanya. Wata masaniya Ba’amurkiya, Carolyn Bertozzi, wadda ta sami kyautar Nobel a 2022, ta daɗe tana aiki a kan rigar sukari. Daga aikinta aka haɗa wani magani mai aske siyalik daga bayan ƙwayar sankara, don sojojin jiki su gan ta. An fara gwada shi a kan majinyata, amma bai shiga kasuwa ba. Saboda haka idan mai lasifika a kasuwa ya ɗaga kwalba ya ce ga sabon maganin sankara daga Turai, ku riƙe kuɗinku.

Abin da ke hannunmu

Waɗannan sababbin gwaje-gwaje ba su zama abin yau da kullum ba ko a yawancin ƙasashe masu arziki. Amma ba hannu sake muke ba. Tun 2004 ƙasarmu ta fara rabon ƙwayar maganin tsargiya, firazikantel, ga ƴan makaranta da mutanen garuruwan bakin ruwa. Ita ce wadda ake auna tsawon yaro da sanda kafin a ba shi, kuma ana so a sha ta bayan an ci abinci. Mun ga iyayen da ke hana ƴaƴansu sha don wai tana sa jiri. Jirin na yini ɗaya ne. Maganin yana kashe tsutsa, amma ba ya goge tabon shekara talatin, shi ya sa shansa tun ƙuruciya ya fi amfani. A Masar, da aka rage tsargiya, irin sankarar da take jawowa ita ma ta ragu. Sai kuma a hana yin fitsari cikin tabki da magudanun gona, domin ta nan zagayen yake farawa.

Ana awon PSA na yau da kullum a manyan asibitocinmu. A Yamai akwai cibiyar ƙasa ta yaƙi da sankara, wadda ta fara gashin sankara da na’ura a shekarar 2021. Kafin nan, mai bukatar wannan aiki sai ya fita waje.

Ga alamun da bai kamata babba ya zauna da su ba. Jini cikin fitsari, ko sau ɗaya ne, ko ba zafi, ko ya ɗauke da kansa. Jinin sankara yakan zo ya tafi, mutum ya ɗauka ya warke, bayan wata biyu ya dawo. Jinin tsargiya yakan ɗigo a ƙarshe, na sankara kuwa yakan rina fitsarin duka, har da gudaji, ko da yake ba a dogara ga wannan bambanci a yanke hukunci a gida. Mata ma abin ya shafe su, kada a ɗora komai a kan haila. Sai wahalar fitsari ga wanda ya wuce shekara 50, da ciwon baya ko ƙugu da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa tare da rama, da ƙullutu a maraina.

Mun san kunya ce ke hana yawancin magidanta magana, musamman idan likitan sa’an ɗansu ne, ko mace ce. Ana iya neman a keɓe da mutum, haƙƙinsa ne. Idan kun je, ku faɗi abubuwa huɗu: yaushe jinin ya fara, a farkon fitsari yake zuwa ko a ƙarshe ko duka, ko kuna aiki cikin ruwa, ko kuna shan taba. Idan an ba ku maganin tsargiya kuka sha, bayan wata ɗaya ko biyu jinin bai tsaya ba, kada ku sayi wani a tebur. Ku koma wurin likitan, ku nemi takardar zuwa babban asibiti a yi maku hoton mafitsara.